Kujerun Mama Rahila

"A ina yaran ke zama?" in ji baƙuwar, idonta na kan takardar da ke hannunta.

 Yara talatin da biyu na ajin share fage suna zaune a kan simintin da ya farfashe, sun miƙe ƙafafu suna kallon takalmanta. Ruwan da aka yi da asuba ya yi yoyo ta kusurwar gabas, danshi ya malalo har tsakiyar aji. Mama Rahila, malamar ajin, tana tsaye da alli a hannu. Ba ta dubi baƙuwar ba, ba ta dubi hedimasta ba. Sai ta ɗaga ido ta taga ta dubi Zakiyya, malamar aji huɗu kuma maƙwabciyarta, wadda ta baro ɗalibanta ta zo ta raɓe jikin bango tana leƙe.

Hedimasta, Malam Murtala, ya yi gyaran murya ya ce, "Ranki shi daɗe, kujeru dai mun rubuta, muna nan muna jira."

Wata 'yar ƙaramar yarinya mai suna Na'ima ta ɗaga hannu, kamar yadda Mama ta koya musu, ta ce, "Tawa mai kihi ta tahi Bakura cikin mota."

Baƙuwar ta yi murmushi irin na wanda bai saurara ba, ta shafa kan yarinyar, ta ja layi a takardarta. Abokin tafiyarta ya ɗauki hoton yaran a ƙasa, ya ɗauki hoton yoyon. Mama ta ce ko za su tsaya su ji yaran sun ƙirga zuwa hamsin, su kuma rera waƙar wanke hannu. Suka duba agogo suka ce akwai sauran makarantu biyu a gabansu. Da za su fita matar ta bi malamai ɗaya bayan ɗaya tana miƙa ɗan katinta, ta ce duk mai ƙorafi ya kira ta. Zakiyya ta karɓa ta cusa shi cikin jaka.

Abin da ya fi ci wa Zakiyya rai shi ne yarinyar nan gaskiya ta faɗa. Ajin Mama Rahila yana da kujeru, kuma duk Talata Mafara babu ajin share fage na gwamnati mai irinsu. Mijinta, marigayi Ɗanladi, kafinta ne da ya zo daga ƙasar Zuru tun zamanin aikin madatsar Bakolori, garin ya karɓe shi ya zauna. Da aka buɗe ajin shekara goma sha bakwai da suka wuce aka damƙa wa matarsa yara ba ko tabarma, shi ya riƙa tara guntayen katako yana haɗa mata 'yan kujeru, yau biyu, wani makon uku, har suka kai talatin da biyu. Ita kuma ta zana wa kowace hoto a baya, wannan zakara, wannan akuya, wannan kifi, wannan kwale-kwale, don yaron da bai iya karatu ba ya gane wurin zamansa. Ɗanladi ya rasu shekara shida ke nan. Kullum aka tashi ita da kanta take ƙirga kujerun kafin ta sa kwaɗo.

To, sai ga labari cewa wata ƙungiya mai tallafa wa makarantun gwamnati za ta zagaya makarantu tara, uku a Mafara, uku a Bakura, uku a Maradun, ta gwada azuzuwan share fage ta ga wane ya fi wane, wanda ya zo na ɗaya a gina masa sabon aji. Duk malamin da ya shekara biyu a bakin aiki ya san abin da ake yi idan baƙi za su zo. Ana aron tuta, ana aron allo, ana aron malami, akwai ma inda aka taɓa aron yara. Ba wanda ke kiran wannan ƙarya, sunansa fita kunya. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Malam Tukur, yayan Zakiyya uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ke hedimasta a wata firamare a ƙasar Bakura, ya sallama gidanta. Bayan doguwar gaisuwa ya faɗi abin da ke tafe da shi. Baƙi za su je wurinsa Litinin, Maradun Laraba, Mafara sai Alhamis. Aron kujerun Mama na kwana ɗaya kawai yake so.

Zakiyya ta zagaya gidan Mama, katanga ɗaya ce tsakaninsu. Shekara goma sha ɗaya suna wannan zaman. Da Sallah kwano ya haura daga nan, da Kirsimeti ya hauro daga can, kuma haihuwar Zakiyya uku Mama ce ke fara shigowa kafin danginta su iso. Ta same ta tana tsince shinkafa a faranti.

"Ɗiyata, kujerun nan ba su taɓa kwana waje ba," in ji Mama.

"Mama, kwana guda na. Yaya na, ba wani ba. Ni na ɗauki alkawali, Talata da sahe suna cikin ajinki."

Mama ta daɗe tana juya shinkafar da yatsa, sannan ta ce, "To, tunda ke ce."

Ranar Lahadi da yamma Sanusi mai a-kori-kura ya zo ya loda su. Litinin baƙi suka ga kujeru a Bakura an jera su sahu-sahu, suka yaba. Da Malam Tukur ya ga buƙata ta biya, sai kirki ya motsa masa da kayan wani: ya tuna amininsa Malam Muttaka, hedimasta a ƙasar Maradun, shi ma ajinsa ba ko benci. Ya lissafa a ransa cewa Laraba da yamma za a dawo da su, ba wanda zai sani. Aro a kan aro ke nan. A Maradun aka jera su da'ira, baƙi suka sake ɗaukar hoton kujerun da suka ɗauka shekaranjiya, ba wanda ya lura da zakara ko akuya. Laraba da la'asar Sanusi ya ce ko za a ba shi motar kyauta ba zai hau hanyar Maradun da yamma ba, ga 'yan bindigar daji, shi kuma yana da iyali, kuma ba wanda ya ga laifinsa. Alhamis da hantsi baƙi suka shigo ajin mai kujeru suka tarar da yara a ƙasa.

Bayan mako uku sakamako ya fito, Malam Murtala ya manna shi a ƙofar ofis. Makarantar Malam Tukur ta ɗaya, ta Malam Muttaka ta biyu. Ajin Mama Rahila na tara cikin tara, an rubuta a gefe cewa babu kayan zama, babu alamar himma. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Mama ta tsaya ta sa tabarau ta karanta takardar tun daga sama har ƙasa, ta cire tabarau ta koma aji. Ba ta ce wa Zakiyya uffan ba, kuma da ta zage ta da ya fi mata sauƙi.

Labari ba ya kwana a Mafara. Kafin mako ya zagayo mata a gidan suna sun fara gwada makarantu kamar masu tayin atamfa. Wata ta ce an ce na Bakura kamar a Abuja, wata ta ce ƙanwarta a Maradun ta ga hoton da idonta, wata ta ce dama tsohuwar nan ta gaji, ya kamata a kawo mai jini a jika. Cikin masu faɗin haka har da waɗanda Mama ta share wa majina da hannunta suna 'yan shekara huɗu. Zakiyya na zaune cikinsu da kwanon fanke a cinya, ta san amsar kowace magana, ba ta buɗe baki ba.

Su kuwa kujeru shiru. Duk safiya Zakiyya sai ta kira yayanta. Yau babu mai, gobe motar Sanusi na wurin bakanike, jibi an ce an ga mutanen daji sun gitta, ran Talata kuma ai kasuwar Mafara ce, mota na jigilar albasa. Sai a mako na huɗu ya fito mata a mutum: baƙin sun ce za su dawo tantancewa kafin a fara gini, ba su faɗi rana ba. Idan suka zo suka tarar babu kujeru, shi da Muttaka sun kaɗe. Don haka sun raba, sha shida a Bakura, sha shida a Maradun, ta yi haƙuri zuwa lokacin.

Mama ta ci gaba da koyarwa a haka. Ta kawo tabarmin ɗakinta biyu ta shimfiɗa, ba su isa ba, danshi kuma ya cinye su. Dama ta daɗe tana fama da hawan jini da kumburin ƙafa, ga shi yanzu sai ta durƙusa har ƙasa sau talatin da biyu kafin ta kama hannun kowane yaro ta nuna masa yadda ake riƙe alli. Zakiyya ba ta taɓa cewa kujeru ne suka kayar da ita ba, likita ma zuciya ya ce. Amma ta san ranar da Mama ta durƙusa gaban wani yaro ta kasa tashi, sai da Barira mai sharar aji ta rugo da gudu ta kira malamai.

Mama ta kwana biyar a asibiti aka sallame ta da tarin magani. 'Yarta Linda, wadda ke aure a Kaduna, ta zo jinya. Aka fito mata da katifa bakin ƙofar ɗaki saboda numfashi ba ya barin ta kwanciya, sai dai ta jingina da filo uku. Daga nan tana jin duk abin da ya bi ta lungu. Ta bambance ƙarar babur da ta mota, ta bambance ƙaramar mota da a-kori-kura. Kullum Zakiyya ta taso daga makaranta takan shigo da kunun gyaɗa, ta zauna tana matsa mata ƙafafun da suka kumbura har fatar na ƙyalli.

"Sannu, Mama. Ya jikin?"

"Da sauƙi, ɗiyata. Ya ɗiyana?"

"Suna gaishe ki. Barira na kula da su."

"Barira ba ta da haƙurin Hamidu, ki hwaɗa mata bahago na, ta bar shi da hannunshi." Sai ta kasa kunne. "Ɗazu na ji kamar mota ta tsaya bakin makaranta."

"Mai lemo na, Mama."

"To."

Ba ta taɓa cewa ina alkawarinki ba. Wannan "to" ɗin kaɗai ya ishi Zakiyya ta kasa cin tuwo. Sau biyu tana ciro katin baƙuwar daga jaka. Sau ɗaya ma ta danna lambar, ta ji ta shiga, ta kashe kafin a ɗauka. Me za ta ce? Ta ce yayanta maƙaryaci ne, wanda shi ya yi mata ɗawainiyar karatu bayan rasuwar mahaifinsu, shi ke riƙe da tsohuwarsu a gidansa? Ta mayar da katin inda yake, tana jin haushin kanta.

Ranar Asabar, da Linda ta raka ta bakin ƙofa ta ce mata ƙasa-ƙasa likita ya ce a daina wahalar da Mama da allura, Zakiyya ta koma gida ta zura hijabi ta nufi tasha. Ta shiga motar Bakura, aka bi ta cikin fadamar shinkafa da ruwa ya kwanta, daga can ta hau babur zuwa ƙauyen. Ta ƙudura a ranta ko guda huɗu ne za ta ɗaura a bayan babur ta kawo, Mama ta gani da idonta.

Ta sami Malam Tukur a makaranta yana sa a gyara tuta. Ya yi mamakin ganinta, suka gaisa, ya tambayi yara da maigidanta, ta amsa a gajarce. Ta ce ya nuna mata ajin da ya zo na ɗaya. Ya wuce gaba. Ɗaki ne da babu ƙofa, awaki sun kwana ciki sun bar shaida. Allon bango fes, ko alamar alli babu. Ta tambaya ina malamar ajin, ya ce an yi mata canjin wuri tun bara, ranar baƙi matar wani malami ce ta tsaya. Yaran fa? Ya ce sukan zo su yi wasa a ƙasa, in rana ta yi su tafi gida.

"Kujerun hwa, Yaya?"

Ya ciro makulli ya buɗe wani ɗan ɗaki a bayan ofis. Suna nan an ɗora su kan juna har kusa da rufi, kusa da buhunan takin zamani. An shafe su da shuɗin fenti mai kauri, an rubuta sunan makarantarsa da fari a bayan kowace. Zakiyya ta sauko da ɗaya ta juya ta zuwa haske. Ƙarƙashin fentin, in ka ƙura ido, za ka ga ɗan tudun layin da ya kasance wutsiyar zakara.

"Mi ya sa kunka shahe su?"

"Ke ma dai. In baƙi sun dawo sunka ga iri guda nan da Maradun hwa? Muttaka kore yas sa ma nashi."

"To mi ya hana ɗiyan nan su zauna bisa?"

"Su karya su kahin baƙi su zo?"

Ta ce a ba ta huɗu. Ya ce baƙin sun ƙirga a hoto, ya riga ya shirya cewa rabi na wurin gyara, in aka ƙara ragewa ƙaryar ba za ta tsaya ba. Ta ce matar nan mutuwa za ta yi. Ya ce Allah ya ba ta lafiya, ai rai na hannun Allah, kujera ba ta tsayar da ajali. Sai Zakiyya ta ce tana da lambar baƙuwar.

Malam Tukur ya dube ta tsawon lokaci, ba da faɗa ba, ya ce, "Kira ta. Ga wayata in taki ba kuɗi. Shekara biyu ya rage in aje aiki, a kore ni ba ko sisi, sai ki zo ki ɗauki Inna ki kai ta gidan mijinki. Kuma ki tuna, wa yaz zo da maganar aro gun matar? Ni ko ke? Murtala da yac ce sun rubuta suna jira, shi ma ki haɗa da shi." Ya rufe ɗakin ya sa makulli a aljihu. "Ki yi haƙuri, ƙanwata. Da an aza tubalin ginin nan, wallahi da kaina ni ka kawo su, in sa a sake zana mata kajinta."

Haka ta dawo hannu rabbana. A mota ta yi ta kuka a cikin hijabi, matar da ke kusa da ita ta ɗauka rasuwa aka yi mata, ta yi ta ba ta haƙuri.

Washegari Lahadi, bayan 'yan cocin su Mama sun zo sun yi mata addu'a sun tafi, Zakiyya ta shiga. Ta shirya ƙarya tun daga gida, mai kyau, cewa Sanusi ya ce Laraba. Amma Mama ta riga ta.

"Linda ta ce jiya kin tahi Bakura."

"Na tahi, Mama."

"Kin gan su?"

 Shekara goma sha ɗaya ba ta taɓa yi wa matar nan ƙarya ido da ido ba sai a 'yan makonnin nan, kuma ta gaji. Ta ce, "Na gan su. Rabi na can, rabi Maradun. An shahe su da henti."

"Har kihin?"

"Dukansu, Mama."

Mama ta rufe ido, ƙirjinta na hawa da sauka da ƙyar. Zakiyya ta zaci ta yi barci. Can sai ta ce, "Babu komi. Henti na, katakon Ɗanladi na nan ciki. Ɗiyan Bakura ma ɗiya na, su ma sun san daɗin zama. Sun yi musu daidai? Ƙahwahunsu na kai ƙasa?"

Nan ne ya kamata Zakiyya ta ce eh. Kalma ɗaya ce, ba ta da nauyi, kuma duk garin kowa ya iya ta. Amma ta yi shiru, shirun kuma ya yi tsawo har Mama ta buɗe ido ta dube ta.

"Sun kulle su," in ji Zakiyya. "Cikin sito. Suna jiran baƙi."

"Ba mai zama bisa?"

"Babu."

"Ko guda?"

Zakiyya ta girgiza kai. Ta kama hannun Mama ta ce ta yafe mata, ita ce silar komai. Mama ba ta janye hannun ba, ba ta kuma matse nata ba. Ta ce, "Shekara guda yay yi shina haɗa su. Da dare bai gani sosai, sai in riƙa mai hitila." Daga nan ta ce wa Linda ta gyara mata filo, ta juya fuskarta wajen bango. Ba ta ƙara tambayar mota ba. Litinin Zakiyya ta shigo da kunu, wata a-kori-kura ta wuce ta lungu da ƙara, Mama ko motsi ba ta yi ba.

Ta cika ranar Talata da hantsi, lokacin da garin ya cika da hayaniyar 'yan kasuwa. Zakiyya na cikin aji tana rubutu a allo Barira ta leƙo ta taga, ta ɗora hannu biyu a ka. Zakiyya ta ajiye alli ta fita ba ta ko ɗauki jakarta ba. Ta tarar Linda na zaune a ƙasa riƙe da ƙafafun uwarta. Ita ta taya ta rufe ta da zane, ita ta zagaya ta gaya wa maƙwabta, ita ta hura wutar da aka dafa wa baƙin farko abinci. Aka tsayar da jana'iza sai Alhamis, don dangi su iso daga Zuru.

Laraba wajen sha ɗaya na safe, tana tsakar gidan mamaciyar tana wanke tukwane, ta ji ƙarar da ta fi wata biyu tana jira. A-kori-kura ta shigo lungun da baya, ta tsaya daidai ƙofar gida.  Ta fito da kumfa a hannu, tana cewa a ranta ko yanzu ne, ko yanzu ne a kai su aji.

Motar Sanusi ce, shi ne a ciki. A baya an loda fararen kujerun roba na manya, irin na gidan biki, sun kai ɗari, da rumfa biyu a naɗe. Malam Tukur ya fito daga gaba cikin babbar riga, Malam Muttaka na biye da shi, Malam Murtala ya iso a kan babur. Su ukun suka haɗa hannu suka yi hayar kayan, don kada a ce malamar gwamnati ta rasu baƙinta sun rasa wurin zama. Sanusi ya ce tun da sassafe ya je Bakura ya ɗauko Malam, suka biya Maradun suka ɗauko ɗayan Malam, hanya lafiya lau.

Zakiyya ta dubi yayanta ta ce, "Yau an samu mai ke nan."

"Haba Zakiyya," in ji shi, da muryar mai lallashi, "ai wagga mutuwa ce."

Suka shiga suka yi wa Linda ta'aziyya, suka ce an yi rashin uwa, irin su Mama Rahila ba a samun su yanzu, kowa ya san himmarta. Linda, da ba ta san rabin labarin ba, ta yi ta godiya har da hawaye, ta ce Allah ya saka musu, ba ta san uwarta na da mutane haka ba. Zakiyya na tsaye a bakin ƙofa tana ji. Katin na cikin jakarta a gida, ta san ba za ta kira ba, yau ma da gobe, kuma ta san su ukun sun san haka. Ba ta taɓa tsanar kanta kamar wannan rana ba.

Aka kafa rumfa, aka jera kujeru sahu-sahu har bakin kwata. Malaman suka ce za su je su yi azahar su dawo. Masu zaman makoki ba su fara taruwa ba tukuna, lungun ya yi tsit, sai rumfa da iska ke kaɗawa.

A lokacin aka tashi 'yan ajin share fage. Hanyarsu ta gida ke nan, suka ɓullo ta kan kwana su bakwai ko takwas, bayan rigunansu duk ya yi jirwayen danshin siminti. Suka tsaya suna kallon kujerun. Na'ima ce ta fara matsowa, ta ajiye gorar ruwanta, ta kama hannun wata kujera ta ɗora ciki ta yi ta fafutuka har ta haye. Sauran suka bi ta. Ba su yi surutu ba. Kowa ya gyara zama ya ɗora hannuwa a cinya, suka fuskanci ƙofar gidan Mama, ƙafafunsu na lilo a sama.